Ranar da Östen Bai Buɗe Ƙofa Ba

Mutum biyar ne a ƙungiyar karatun, kuma tun shigowar sanyi suke fama da littafi ɗaya. Tsohon littafi ne, irin wanda ake ɗura wa yara a makaranta su tsane shi, sai furfura ta fara fito musu su dawo suna cewa ai ba a taɓa rubuta kamarsa ba. Labarin wata mata ce da mijinta mai jirgin fito ya nutse a ruwa, ta ci gaba da zama ita kaɗai a ɗan tsibirinsu. Mutanen ƙauyen da ke tsallake kullum suna hango hayaƙin murhunta, amma ba wanda ya taɓa tura jirgi ya je ya ce mata sannu. Da hayaƙin ya daina tashi ma, sai da ƙanƙara ta narke sannan suka haye, suka tarar da abin da suka tarar. Littafin ke nan gaba ɗaya, in ka cire bayanin gajimare.

Tsarin ƙungiyar ba wuya. Duk bayan mako biyu, ran Lahadi da yamma, ana haɗuwa a gidan mutum ɗaya. Mai masauki shi zai dafa kofi, ya gasa burodin kirfa da hannunsa. Na kanti abin kunya ne, ko da yake ba mai faɗa maka, farantin kawai za a kalla. A zauna a zagaye, kowa ya yi magana in layi ya zo kansa, ba a katse kowa. Ingegerd ce ta kafa dokar, ita ce shugaba, tsohuwar malamar makaranta wadda ta yi ritaya amma bakinta bai samu labari ba.

Wannan Lahadin layin Östen ne.

Tyra ce ƙaramarsu, shekararta ashirin da uku, tana aikin jera kaya a babban kantin da ke bakin tasha. Ba son littafi ne ya kawo ta ba. Mahaifiyarta ce ta dame ta a waya, kullum ki fita, ki shiga mutane, har ta gaji ta je laburare ta ba da sunanta, don ta ji an ce a nan mutum zai iya zama har a tashi bai buɗe baki sosai ba. Ran farko da ta je, wa za ta gani in ba tsohon da ƙofarsa ke kallon tata a hawa na uku ba. Shekara biyu suna maƙwabtaka, abin da ya taɓa haɗa su gyaɗa kai ne a matakala. Shiga ƙungiya ɗaya ma bai ɓata wannan zaman lafiyar ba. In za a tafi taro, sai ta tsaya a bayan ƙofarta da rigar sanyi a jiki, ido a 'yar hudar leƙe, har ya kulle tasa ya sauka, sannan ta bi bas ɗin da ke biye. A wajen taron su gaisa kamar daga gari daban-daban suka fito.

Amma ta san shi. Ta san shi fiye da yadda ya kamata mai mutunci ya san maƙwabcinsa. Bangon da ya raba kicin ɗinta da ɗan zaurensa ba shi da kauri. Da sassafe tari ne, biyu a jere, na ukun ya yi jinkiri. Sai ƙwas-ƙwas ɗin sandarsa. Sai butar shayi ta yi kuka. Sai rediyo, rahoton iska da igiyar ruwa na masu jiragen teku, ga mutumin da rabonsa da teku tun matarsa na da rai. Da wannan Tyra ke sanin lokacin tashi, agogonta ma ta daina saitawa.

Jiya Asabar da safe ta ji tarin, ta ji sandar, sai ta ji wani dim, kamar an sauke buhu. Buta ba ta yi kuka ba. Rediyo bai yi magana ba. Ta tsaya da cokali a hannu, ta ce wa kanta littafi ne ya faɗo, ai nasu littafin ma ya isa ya yi wannan ƙarar. Ta tafi aiki. Yau da safe ma shiru. Ta je har bakin ƙofarsa da ledar shara a hannu, ta ɗaga yatsa. To ta ce masa me? Ban ji tarinka ba? Ta sauka ta zubar da shararta. Ai da yamma jama'a za su zo, manya masu hankali.

Manyan suka zo. Ta hango su ta taga tun da sauran lokaci, suna tsaye a ƙofar gida cikin dusar ƙanƙara suna buga ƙafa, don zuwa da wuri rashin tarbiyya ne daidai da latti. Ga Ingegerd da jakarta, ga Ebbe da gyalensa mai tsawo kamar rawani, ga Majken da zaren saƙarta. Lokaci na cika suka hau. Tyra ta fito ta same su a gaban ƙofar Östen.

Ingegerd ta danna ƙararrawa. Shiru. Aka jira gwargwadon abin da ladabi ya tanada. Majken ta tambaya ko a ƙara, Ebbe ya ce sau biyu ai ya zama matsi, mutum yana da 'yancin ya ƙi buɗe ƙofarsa. Ingegerd ta yanke hukunci cewa tunda shi ya gayyace su, dannawa ta biyu ba ta saɓa wa komai ba. Ta danna. Shiru. Ta ciro waya ta kira shi, suka tsaya su huɗu suna sauraron wayarsa tana ƙara daga ciki har ta gaji ta yi shiru.

"Ya manta wayarsa," in ji Ingegerd. "Wajen 'yarsa ya tafi, kudu. Tsufa ke nan."

Kowa ya ji daɗin wannan bayani. Cikin su ukun ba wanda ya san ko Östen yana da 'ya, amma ya dace a ce yana da ita. Tyra, wadda ta san ba shi da ita, ta mai da ido kan takalmanta.

Sai matsalar gaske ta taso: a ina za a zauna? Yau ne babin ƙarshe, ga Ebbe ya rubuto jawabinsa tun daga gida. Idanu suka koma kan ƙofar da ke bayan Tyra. Tun da ta kama ɗakin nan ba wanda ya taɓa shiga sai mai gyaran famfo. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, ta dai matsa gefe, suka cire takalma suka jera a bakin ƙofa.

Kofunanta ba wanda ya yi kama da ɗan'uwansa. Kofin na gwangwani ne, biskit ɗin na kanti, wanda aka rage wa farashi ma. Majken ta ce ai ita irin wannan ta fi so. Ingegerd ta kalli farantin. Aka zauna a teburin kicin, kujerar da ta rage wa Tyra kuwa ita ce ta jikin bangon nan.

Ingegerd ta buɗe taro. Jigo uku za a duba a babin ƙarshe: mutuwa, kaɗaici, da matsayin mace. Za a fara da Majken, sai Ebbe, sai ita kanta, Tyra a ƙarshe kamar kullum.

Majken ta ce ita mutuwar matar ce ta burge ta. Yadda marubucin ya zaunar da ita a kujera tana kallon taga, dusar ƙanƙara na sauka, ta tafi kamar barci. Ta ce ta yi kuka har saƙarta ta jiƙe, kuma ita ma in an ba ta zaɓi haka take so, cikin natsuwa, ba tare da ta ɗora wa kowa ɗawainiya ba. Kowa ya gyaɗa kai. A garin nan ba yabon da ya kai a ce da gawa ba ta taɓa ɗora wa kowa ɗawainiya ba.

Ebbe ya gyara gyale. Tsohon ma'aikacin sashen al'adu ne, kuma duk faɗin lardin ba wanda ya kai shi jin zafin yadda maza ke danne muryar mata. Yana iya wuni a kai ba numfashi. Ya ce matar ba mutuwa ta yi ba, kashe ta aka yi, kuma ba sanyi ne ya kashe ta ba, mulkin maza ne. Tsibirin jikinta ne. Jirgin fito namiji ne. Hayaƙin kuwa muryarta ce da aka hana ta, shi ya sa ta koma hayaƙi. Ya ce su duba da kyau, a littafin gaba ɗaya sau nawa aka bar ta ta kai ƙarshen maganarta? Majken ta ɗaga allurar saƙa za ta ce wani abu, ya ɗaga mata tafin hannu.

"Majken, bari in gama. Batu ne da ya shafe ku."

Tyra ta jingina bayanta da bango. Sanyi ƙalau, shiru. Ta yi ta ƙoƙarin tuna ko akwai wani abu a ɗan zauren can mai nauyin buhu ban da mai gidan. Shekaranjiya ta gan shi ta hudar leƙe, da ledar fulawa da man shanu, yana hawa yana hutawa. Mutumin da ya sayo fulawa don baƙin Lahadi ba ya tafiya kudu ran Asabar. Amma in ta faɗi wannan, ta ce ta ina ta gani? A nan mutum ya sha giya ya kwana a bakin titi an fi saurin yafe masa da a ce yana sa wa maƙwabta ido. A ranta ta hango yadda fuskar Ingegerd za ta koma. Ta hango sanarwar da za a wayi gari an manna a matakala, marar suna, cike da ladabi, ana tunatar da masu haya cewa kowa da sirrinsa. Ta hango Östen kansa, ya dawo daga wajen 'yar nan da aka ƙirƙira masa, an gaya masa yarinyar ƙofar can tana ƙirga tarinsa. Ai sai dai ta tashi daga gidan.

Layi ya zo kan Ingegerd. Ita kaɗaici ta ɗauka, kuma ranta a ɓace yake da mutanen ƙauyen nan. Ta cire tabarau ta ce abin da ya kasa shiga kanta shi ne yadda mutane za su ga hayaƙi ya ɗauke, su koma su ci gaba da cin abincinsu.

"Wane irin mutane ne waɗannan?"

Ta ce marubucin asirin zamaninsa ya tona, zamanin jahilci da tsoron limamin coci, tun ba a kafa hukumar kula da tsofaffi ba. Yanzu kam abin godiya, akwai ofishin da aikinsa ke nan. Darasin littafin, in ji ta, shi ne shiru ma laifi ne. Ta maimaita a hankali don masu son rubutawa. Majken ta rubuta.

Biskit ɗaya ya rage a faranti, kuma ba mai ɗaukar na ƙarshe. Majken ta raba shi biyu ta ɗauki rabi. Ebbe ya raba rabin. Tyra ta zuba wa ɗan ɓarin da ya saura ido. A lokacin ne ta ji, ko ta ga kamar ta ji, wani ɗan ƙas ta bayanta, can ƙasa kusa da daɓe, kamar sanda ta gogi bango. Ba a sake ba.

Layin ya kamata ya zo kanta, amma Ebbe ya nemi izinin ƙarin bayani kan hayaƙi, aka ba shi. Yana cikin nuna musu cewa bututun hayaƙin ma ba a banza marubucin ya yi shi dogo ba, sai Tyra ta ji bakinta ya riga ta.

"Östen bai kunna rediyo ba."

Muryar ta fito da ƙarfi fiye da yadda ta nufa. Ebbe ya tsaya baki buɗe, rabon da a katse shi tun yana aiki.

"Tyra, layinki na zuwa," in ji Ingegerd.

"Tun jiya bai kunna ba. Butarsa ma ba ta yi kuka ba."

"Ke ta yaya kika san butarsa?"

To, an zo wurin. Ta kalli kofinta, kunnuwanta kamar an zuba musu garwashi, ta zazzage musu duka: tarin, sandar, butar, dim ɗin jiya, ledar fulawa, har hudar leƙen. Ta ce ba ya zuwa ko'ina ran Asabar sai ɗakin wanki na ƙasa. Ta ce ba shi da 'ya, ɗa ne da shi a ƙasar waje, yana kira ran Kirsimeti, Östen ya yi ta ɗaga murya saboda nisa. Tana faɗa tana jin kanta kamar ɓarawon da ke lissafa abin da ya kwasa.

Majken ta kalli bangon, da gani lissafin nata bangon take yi da abin da nata maƙwabtan suka sani. Can Ebbe ya ce ba wai yana zargin kowa ba, amma nan akwai tambaya mai nauyi game da iyakar sirrin mutum, musamman dattijo mai zaman kansa. Ingegerd ta ce lallai batu ne da ya cancanci a ji ta bakin kowa, don haka a yi zagaye ɗaya gajere, a fara da Majken.

Tyra ta miƙe. Tunda mutuncin ya riga ya zube, ba sauran abin tattalawa. Ta fita da safa a ƙafa, ta durƙusa a gaban ƙofarsa, ta ɗaga murfin kafar jefa wasiƙa. Duhu ne a ciki, da wani wari da ba ta so ta sa masa suna.

"Östen?"

Shiru. Sai tari, biyu a jere. Ta jira na ukun har ya zo.

"Wa ke nan?"

"Tyra ce. Ta ƙofar da ke kallon taka."

"Na san inda kike. Barka da yamma."

"Lafiya kake?"

"Lafiya lau. Ina ƙasa ne dai."

Ta tambaye shi tun yaushe. Ya ce tun jiya, gefen darduma ya taka, ƙugun ya ƙi yarda ya tashi, wayar kuma tana can kan tebur. Amma kada ta damu, ya jawo rigar sanyi da sanda ya rufa, kuma kwalbar da yake ba furanni ruwa tana kusa.

Sauran sun riga sun fito sun tsaya a bayanta. Ingegerd ta sunkuya, ba ta dai kai ga durƙusawa ba.

"Östen, mun fa danna ƙararrawa."

"Na ji. Har sau biyu."

"To me ya hana ka magana?"

"Ban gasa burodin ba," ya ce. "Kuma ba wando a jikina."

Ya ƙara da cewa ya so ya yi kira jiya, amma Asabar ce, mutane sun yi aiki duk mako suna hutawa. Yau kuma Lahadi. Gobe da safe mai goge matakala zai zo, shi a bakin aikinsa yake, kiransa ba takura ba ce. Majken ta ce gaskiya ya yi tunani.

Ebbe ne ya kira motar asibiti, sai dai ya faro daga tarihin ƙungiyar, Tyra ta karɓe wayar ta faɗi lambar gida. Aka kira mai kula da ginin ya kawo mabuɗi. Kafin su iso ta ci gaba da riƙe murfin da yatsa, don matar da ta amsa wayar ta ce kada a bar shi ya yi barci, a yi ta jan shi da hira. Hira kuwa ba wanda ya san ta inda ake kama ta. Ingegerd ce ta fitar da su kunya. Ta ce ai dama bai yi layinsa ba, me ya gani a babin ƙarshe?

Muryar ta fito ta kafar, a dushe amma a tsare. Ya ce mutuwar kan kujerar nan ƙarya ce, marubucin bai taɓa kwana a daɓe ba, da ya san ba gajimare ke damun mutum ba, fitsari ne. Batun mutanen ƙauye kuma Ingegerd ta tsananta, wa ya sani ko matar ba ta gyara ɗaki ba ne, ba ta son a shigo. Sannan a gaya wa Ebbe ya ƙyale bututun hayaƙin nan ya huta, ba abin da ya yi masa.

"Au, ka ji mu ke nan?" in ji Ebbe.

"Har taunar biskit," in ji Östen. "Ashe bangon nan ba kauri."

Tyra ta ji yatsanta ya yi sanyi a jikin murfin. Wanda ya ji taunar biskit ya ji nata jawabin ma, tun daga tari har Kirsimeti.

Ma'aikatan asibiti biyu suka iso, mace da namiji, tare da mai mabuɗi. Aka buɗe, suka shiga, 'yan ƙungiya suka juya suna nazarin silin don ladabi. Jim kaɗan suka fito da shi a kan gadon ɗauka, an rufa masa bargo, fuska ta yi fari, leɓɓa sun bushe sun tsattsage. A bakin matakala ya ɗaga hannu a dakata. Bai kalli Tyra ba, fitilar sama ya kalla.

"Ki yi haƙuri da hayaniyar," ya ce. "Ban san ina damunki ba. In na dawo zan sa wa sandar roba a ƙasa. Rediyon kuma akwai abin sawa a kunne."

Ta so ta ce ba komai, don shi ne abin da ake cewa, daga nan kowa ya koma bayan ƙofarsa da sauran mutuncinsa. Ta kalli ƙafafunsa da suka leƙo daga bargo, sirara, ɗaya da safa ɗaya babu.

"Kar ka sa," ta ce.

"Ai ba tsada."

"Na ce kar ka sa. Ka bar ta yadda take. Rediyon ma."

Ya ci gaba da kallon fitila. "To," ya ce.

Ma'aikaciyar ta ce akwai wurin mutum ɗaya a motar, in da wani nasa a nan. Ingegerd ta duba agogo. Ebbe ya shiga gyaran gyale. Majken ta ce ita ba ta son shisshigi. Ma'aikaciyar ta dubi Tyra, ta tambaya ko 'yarsa ce.

"Maƙwabciya ce," in ji Östen da sauri, don kada a ɗora mata abin da ba ta nema ba.

Tyra ta shiga ɗaki ta zura takalma, ta ɗauko rigar sanyi. Tana fitowa Ingegerd ta taɓa mata hannu, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce ta san ba lokacinsa ba ne, amma ba a rufe batun matsayin mace ba, ga kofi bai huce ba. Ko za su iya ƙarasawa a kicin ɗinta? Za su wanke kofuna, su jawo ƙofa in za su tafi.

Tyra ta ce su ƙarasa. Ma'aikaciyar ta miƙo mata wandon Östen a ninke, Tyra ta saƙale shi a hammata, ta bi gadon a baya suna sauka a hankali.